Sistar da Ta Ji Ruwa a Cikin Gaisuwa

Kafin masu shara su gama goge barandar asibitin, Sista ta riga ta zauna. Ɗakinta ba ya cikin ɗakunan da baƙo zai nema. Sai ka wuce wurin karɓar magani, ka wuce inda ake jibge kekunan marasa lafiya da suka lalace, sannan ka ga wata ƙofa a lungu, wadda in ba a gaya maka ba za ka ɗauka ta ɗakin ajiya ce. Ciki babu gado, babu ƙarfen rataya ruwa, babu ko warin magani. Tebur ne da kwamfuta, da waya mai abin maƙalawa a kunne, da wata fanka mai ƙara da aka daɗe ana alkawarin canzawa, sai fulas ɗin shayin da take tahowa da shi daga gida, wanda kullum sai ya huce kafin ta tuna da shi.

Marasa lafiyarta ba sa nan, suna gidajensu. Dukansu masu ciwon zuciya ne, irin wanda zuciya ke gajiya ta kasa tura jini yadda ya kamata, sai ruwa ya riƙa taruwa a jiki. Daga ƙafa yake farawa, in aka yi sake ya hau har huhu, mutum yana kwance a kan gadonsa ya koma neman numfashi kamar wanda ya faɗa rijiya. Kowannensu an ba shi sikeli da abin awon jini ya tafi da su gida. Da safe, bayan ya zaga, kafin ya sa komai a bakinsa, sai ya hau sikelin, ya ɗaura abin awon a dantse, su kuma su aiko da abin da suka gani kai tsaye zuwa kwamfutar Sista. Wanda lamarinsa ke daidai sunansa ya fito kore, wanda ke cikin haɗari ya fito ja. Jajayen take fara kira, ta yi magana da likita, a ƙara wa wannan ƙwayar da ke sa fitsari, a ce wa wancan ya zo a duba shi. In ta gama da su sai ta bi korayen ma ɗaya bayan ɗaya, ko da babu wanda ya sa ta.

Ƙarshen watan nan ta yi ritaya, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Mu dai mun iya yabon likitan da ya tsaga ƙirji ya ɗinke, kuma ya cancanci yabon. Amma wadda ta zauna a lungu shekara da shekaru tana hana a kai ga tsagawar, ko sunanta ba mu tambaya. Abin nan yana ba ni haushi, ba zan ɓoye ba. In ka hana gobara tashi babu mai zuwa yi maka sannu, don babu wanda ya ga hayaƙi. To, ni na ga hayaƙin da idona, a gidan da muke katanga ɗaya, kuma zan faɗa.

Ba a wannan ɗakin ta fara ba. Ta yi ƙuruciyarta a ɗakin masu ciwon zuciya, tana ɗaga manyan mutane tana juya su, har gwiwoyinta suka fara yi mata ƙorafi. Abin da ya fi damunta a can shi ne fuskokin da take sake gani. A sallami mutum ya tafi da ƙafarsa, bayan 'yan watanni a dawo da shi ranga-ranga, ƙafa kamar turmi, iyalinsa suna cewa ai jiya ma lafiyarsa ƙalau. Ita kuwa ta san ba jiya abin ya fara ba. Da aka buɗe wannan sashe na lura da marasa lafiya daga nesa, ita ta nemi a kawo ta. Abokan aikinta suka yi ta tsokanarta, wai duk karatun nan da ƙwarewar nan an mayar da ita mai amsa waya. Ta yi dariya tare da su, ta ɗauki fulas ɗinta ta koma lungu.

Aikin ba ya rasa abin dariya. Akwai wata 'yar kasuwa da sunanta ya riƙa yin ja sau da yawa a yini, nauyinta ya faɗi ƙasa warwas, can ya sake tashi. Da Sista ta kira, ashe baiwar Allah ta ga sikeli mai kyau zaune a ɗaka ba ya aikin komai, ta fitar da shi tana auna wa masu saye albasa. Sista ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce mata ta fara hawa da kanta tukuna da safe, in ya so albasar ta biyo baya, tunda ita albasa ba a taɓa jin ta da ciwon zuciya ba. Har yau matar nan in ta tuna sai ta rufe baki da mayafi.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Sista kuwa yawancin lokaci ba ta da fuskar da za ta tambaya, murya kawai gare ta, kuma mutanenmu kun san su. Ka tambayi mutum ya jiki, ko ana ɗauke da shi ne zai ce maka da sauƙi. Ba ƙarya yake nufi ba, haka aka tarbiyyantar da mu, kada ka zama mai raki. Saboda haka tana tambayar ya jiki don ladabi, ta karɓi da sauƙin ta ajiye gefe, sannan ta shiga tambayoyinta na gaske. Da matashi nawa ka kwana? Takalminka ya shiga yau? Ka iya zuwa bakin titi ba ka tsaya ba? Wani abu kuma da ba a rubuta a kowane littafin koyarwa ba, ba ta taɓa katse wa mutum gaisuwa. Ta bar shi ya yi ta ja, ya tambayi gida da aiki da gajiya, ita kuma ta kasa kunne ta ji inda yake tsayawa ya ja iska. An sha yi mata magana cewa kiranta yana tsawo. Takan ce to, za ta duba, washegari ta ci gaba da abinta.

Maƙwabcina dattijo ne mai gyaran takalmi, kowa Baba yake ce masa. Tun kafin a haifi yawancinmu yake zaune a ƙofar gidansa da basilla da zare, kuma babu ƙafar da bai sani ba a layinmu. Da ciwon ya kayar da shi ya daɗe a asibiti. A can ya ga an ja zane an rufe mutumin da ke gadon kusa da shi, wanda da safiyar ranar suka yi hira. Da aka sallamo shi ya dawo a rame, riga tana yawo a jikinsa. Ina tsaye a wurin lokacin da ya dafa ƙofar ɗakinsa, ya dubi matarsa, wadda muke kira Inna, ya ce ta yi masa alkawari, duk abin da zai faru kada a sake mayar da shi gidan can, in ajali ya zo ya same shi a ɗakinsa. Inna tana share hawaye ta ce ta yi.

Ranar da Sista ta fara kiransa ma abin da ya fara gaya mata ke nan. Ta ce masa ashe bakinsu ɗaya, don ita ma aikinta ke nan, ta hana shi zuwa inda take. Sharaɗinta guda ne, ya riƙa gaya mata gaskiya da wuri. Baba ya ce ya ji, amma shi bai taɓa ganin 'yar sa ido irinta ba, tana can tana leƙen nauyin mutane tun ba su wanke baki ba. Daga nan sunan ya bi ta. Suka shaƙu sosai. Baba mutum ne mai doguwar gaisuwa, in ya fara sai ya tambayi kwananta da gajiyarta, da maigida da yara, da tsohuwarta da ya ji labarin tana fama da ido, da likitoci, har da fankar nan da yake jiyo ƙararta ta waya, wai ko an yi mata magani. Duk a jere yake kawo su ba ya tsayawa.

Inna kuwa tana da nata ciwon da ba ta gaya wa kowa ba sai ni. An hana Baba gishiri, ita kuma ta bi dokar sau da ƙafa. Da danginsa suka zo dubiya suka ɗanɗana miyar, suka dubi ƙasusuwan wuyansa, sai wata ƙanwarsa ta ce ciwo daban, yunwa daban, ɗan'uwansu dai ba a haka suka san shi ba. Maganar nan ta soki Inna. Mace ta shekara arba'in da wani abu tana dafa wa mutum abinci, rana ɗaya a ce ta bar shi da yunwa. Ta haɗiye, ta shiga kicin ta yi ta dabara, ta ƙara wannan ta rage wancan, don dai ya ci ya mayar da jikinsa.

Sai nauyin Baba ya fara hawa, kaɗan-kaɗan. Kwamfuta ba ta ce komai ba, don ita an saita ta ne ta yi ja idan nauyi ya yi tsalle cikin 'yan kwanaki. Wannan kuwa rarrafe yake yi. Ga shi likita da bakinsa ya ce yana so Baba ya ƙara jiki. Inna ta leƙo ta katanga tana kirana in zo in gani, kumatu sun fara fitowa, rigar da ta yi masa yawa ta fara kama shi. Rabon da in ga haƙoranta haka tun kafin ciwon. Muka yi ta masha Allah, har ta ce bari dangin nasa su sake zuwa yanzu su gani.

Sista ta ga hawan, kuma ta so ƙwarai a ce ƙiba ce. Ta yi tambayoyinta. Takalmi ya shiga? Baba ya ce daram. Matashi nawa? Ya ce ɗaya tak. Amsoshin duk sun yi kyau, sunansa kore shar. Amma wata safiya ya gaishe ta bai tambayi likitoci ba. Bayan kwana biyu fanka ta fita daga gaisuwar. Sai ya fara tsayawa tsakanin maigida da yara, ɗan shiru kaɗan, wanda wani zai ɗauka tunani yake yi. Ranar da ya ce ina kwana, ya gida, ya tsaya nan, bai tambayi tsohuwarta ba, Sista ta ajiye biro. Ta gaya mini daga baya cewa gabanta ne ya faɗi, don Baba ba mutumin da zai manta da uwar wani ba ne. Ruwa ba ya tsami banza. Mutumin nan tsimin numfashi yake yi.

Ta ce ya ba Inna wayar, ta mayar da kiran na bidiyo, ta roƙi a nuna mata ƙafafunsa. Ga su nan cikin takalmi mai maɗauri, tsaf, babu inda ya matse. Ta ce a cire. Inna ta durƙusa ta cire ɗaya, tana riƙe da shi a gaban wayar ba da wata niyya ba, sai Sista ta ce ta tsaya, ta matso da maɗaurin. Ga hudojin asali nan da suka yi baƙi don tsufa. Bayansu ga sababbi a jere, fatar cikinsu fara sol. A ƙarshe kuma ga wani guntun fata da aka ƙara wa maɗaurin tsawo, an ɗinke shi da irin ɗinkin da duk layinmu mutum ɗaya ne ya iya.

Baba ya ce shi bai yi mata ƙarya ba. Ta tambaye shi ko takalmi ya shiga, kuma ya shiga. Ina aka taɓa ganin mai gyaran takalmi yana yawo da takalmin da ya matse shi? Na farkon, in ji shi, hannunsa ne ya huda bai ma yi tunani ba. Bai ce komai a kan sauran ba, ita ma ba ta tambaya ba. Inna ce ta ƙara da cewa matashin ma ɗaya ne da gaske, sai dai kwanan nan a kujera yake kwana da shi, wai bayansa ke ciwo in ya miƙe.

Sista ta ce wa Inna ta sa babban yatsanta a ƙwaurinsa, ta danna, ta ɗan riƙe, sannan ta ɗaga. Inna ta yi. Wurin ya lotsa kamar an danna ƙullu, kuma bai taso ba. Ta tsaya tana kallon ramin da yatsanta ya bari a jikin mijinta. Sannan ta ce:

"Ashe ba ƙiba ba ce, Sista?"

Ni da na shigo gaishe su, ina tsaye a bakin ƙofa, na rasa inda zan sa idona. Wata da ba ta san darajar mutane ba da sai ta ce ai ruwa ne, kun yi sakaci. Sista ta sassauta murya ta ce:

"Inna, a cikin nauyin nan akwai naki, akwai na ruwa. Na ga hannuwansa, sun fi da. Wannan girkinki ne, babu mai ƙwace miki shi. Na ruwan kawai za mu cire."

Ke ce wannan, Sista. Kina da labari mai ɗaci a baki, kina sauri don rai na cikin haɗari, amma sai da kika tsaya kika ɗauke wa tsohuwa kunyar da ba tata ba. Ban san a wace makaranta ake koyar da haka ba.

Ta je ta sami likita da abin da ta gani. Ya ce ruwan ya wuce na ƙwaya a gida, sai allura ta jijiya da gwajin jini. In ƙoda tana lafiya, a yi masa allurar ya koma gida a ranar. In ba haka ba, sai gado. Ta sake kira ta faɗa musu yadda likita ya faɗa, ba ta rage komai ba. Baba ya ce zai je bisa sharaɗi ɗaya, ta rantse masa cewa a ɗakinsa zai kwana.

Kalma ɗaya ce tsakaninta da shigarsa mota. Ta san in ta ce na rantse zai tashi, in ya so duk abin da ya biyo baya a ba shi haƙuri. Da yawa za su yi hakan, kuma ba zan zarge su ba. Ita ta ce:

"Baba, ba zan rantse a kan abin da ba ya hannuna ba. Abin da ke hannuna shi ne za ka same ni a bakin ƙofa, kuma duk abin da gwajin ya nuna, daga bakina za ka ji shi. In kuwa ka zauna, ruwan nan ƙirjinka ya nufa. Ranar da ya isa ɗaukar ka za a yi, babu mai tambayar ra'ayinka."

Baba ya juya ya dubi Inna, ya tuna mata alkawarinta. Sista ba ta sa baki ba, ba ta kuma kashe wayar ba, ta bar su da maganarsu tana jira. Inna ta miƙe ta ɗauko mayafinta daga kan ƙofa. Ta ce ta yi alkawari, ba ta musa ba, kuma yau za ta karya shi, ya yi fushi da ita yana da rai, ta yarda. Ni na kai su a motata. Duk hanya numfashin Baba nake ji daga baya.

A bakin ƙofar asibitin wata gajeriyar mace ce tsaye, da tabarau, tana ɗan ɗingisawa, riƙe da keken marasa lafiya. Mun kusa wuce ta, don a kiran bidiyon babu wanda ya lura da fuskarta. Sai da ta ce sannunku da zuwa, Baba, sannan muka gane. Wata da watanni suna magana kullum, ranar suka fara haɗuwa ido da ido.

Gwajin bai yi kyau ba. Ƙodar ta fara jigata, dole a kwantar da shi. Likita ya ce zai je ya faɗa masa, Sista ta ce a bar mata, ita ta ɗauki wannan. Ta ja kujera ta zauna daidai kansa ta gaya masa. Baba ya juya fuskarsa bango. Haka ya yi mata duk zamansa a can. Kullum in ta gama kiran safiya sai ta hau bene da gwiwoyin nan nata, ta yi sallama, ta gaishe shi, ya yi kamar bai ji ba. Ta zauna ta gaya wa bayansa yawan ruwan da ya fita da yadda ƙodar ke farfaɗowa, ta yi masa sai an jima ta sauka. Wata abokiyar aikinta ta ce mini ta taɓa shiga ɗakin lungun ta same ta ta cire tabarau tana goge ido. Da ta tambaye ta, sai ta ce ba komai, ai mai fushi yana da sauran numfashi, ita hakan ya ishe ta. Amma abin ya yi mata ciwo, kowa ya gani.

Aka sallami Baba, ƙafafu sun saɓe, ya dawo ɗakinsa. Abin da ya fara yi shi ne tura sikelin ƙarƙashin gado da ƙafa. Kowace safiya Sista ta buɗe kwamfuta ta ga gurbinsa babu komai. Ba ta aiko masa da wa'azi ba, ba ta kai ƙararsa wurin likita a matsayin mai taurin kai ba. Inna take kira, ta koya mata ta riƙa duban idon sawunsa in ta kawo masa ruwa, ta kasa kunne ta ji ko yana ƙarasa magana ba tare da ya tsaya ba. A ƙarshen kowane kira sai ta ce a gaishe mata da Baba. Inna ta faɗa da ƙarfi yadda zai ji, shi kuma ya yi tari ya kau da kai.

An ɗauki lokaci a haka. Wata safiya tana cikin bin sunaye sai ga nauyin Baba ya fito. Ta ce sai da ta sake dubawa. Ta kira, shi ya ɗauka da kansa. Ya ce mata, 'yar sa ido, har yanzu bai gama yanke hukunci ba, ko cin amanarsa ta yi ko ceton sa, amma ya lura da abu ɗaya, tun da ya san ta ba ta taɓa gaya masa abin da ba haka yake ba, kuma a shekarunsa irin waɗannan mutanen sun yi masa ƙaranci. Ita kuma ta ce masa shi ma ya koya mata aiki. Daga kansa ta daina tambayar ko takalmi ya shiga, yanzu cewa take a nuna mata ƙafar. Ƙananan ma'aikatan da ta horar duk haka suke yi, ko da yake ba duka suka san dalili ba.

Ke ce kika zaɓi fushin tsoho a kan yi masa ƙarya. Ke ce uwar marasa lafiyar da yawancinsu in kun haɗu a kasuwa ba za su gane ki ba. Mutane nawa ne suka kwana a gadajensu, kusa da iyalinsu, saboda kin ji abin da ba su faɗa ba? Ke ma ba ki sani ba, kuma na san in na tambaye ki cewa za ki yi aikin ba naki ke kaɗai ba ne.

Da ritayarta ta matso, ba ta tattara jaka kawai ta tafi ba. Ta riƙa kiran mutanenta ɗaya bayan ɗaya tare da matashiyar da za ta gaje ta, tana haɗa su, tana cewa wannan 'yata ce, abin da za ku gaya mini ku gaya mata. Wasu suka yi kuka, wasu suka ce ba su yarda ba, sai ka ce da izininsu ake ritaya.

Ranar aikinta ta ƙarshe, da hantsi, Inna ta buga mini ƙofa hankalinta a tashe. Wai Baba ya yi wanka ya sa manyan kaya ya ce a kai shi asibiti. Na fito da gudu ina tambayar inda ke masa ciwo. Ya ce babu inda ke masa ciwo, in zan kai shi in kai shi, in ba zan kai shi ba ya nemi mota. Da muka isa na nufi inda ake ajiye keke, ya galla mini harara. Da ƙafarsa ya shiga ƙofar nan da ya ce ko gawarsa kada a kai, yana tafe yana hutawa, muka wuce wurin karɓar magani har lungu.

Babu wani taro. Abokan aikinta 'yan kaɗan ne a tsaye da lemo a hannu. Da ta gan shi ta miƙe da sauri, idonta ya tafi kai tsaye ƙafafunsa, ya ce ta kwantar da hankalinta, ba aiki ya kawo mata ba. Ya tsaya ya dubi ɗakin, tebur da kwamfuta da bangon da fentinsa ya fara tashi. Ya daɗe yana kallo.

"Ashe nan ne," in ji shi. "A ɗan wannan ɗakin kika zauna kina riƙe da mu duka."

Ya sunkuyar da kai, kuma da yake idon mai sana'a ba ya hutu, sai ya sauka a kan takalmin Sista. Dunduniyar ɗaya ta cinye ta gefe saboda ɗingishin. Ya ce wannan abin kunya ne, mace tana da uba mai gyaran takalmi tana yawo a haka, ta cire ta ba shi. Ta ce Baba a bari, ya ce ba da ita yake shawara ba. Haka Sista ta bar aikin da ta ba rayuwarta sanye da silifas ɗin aro, Baba kuma ya fito da takalmanta a leda, ya rungume su a ƙirji har gida.

Ku matasan da kuka gaji kujerar nan, kwamfuta za ta ƙara wayo, na sani, kuma muna murna. Amma ku bar tsofaffi su gama gaisuwarsu. Ku da kuke da mai irin wannan ciwo a gida, kada ku tsaya a da sauƙi, ku durƙusa ku dubi ƙafa, ku kira tun abin yana ƙarami, in kunne ya ji jiki ya tsira. Ku kuma masu iko da asibitoci, ku riƙa leƙa ɗakunan lungu, akwai masu riƙe da rayuka a ciki.

Sista, mun gode. Inna ta ce in gaya miki ita ba ta da bakin godiya, sai addu'a. Allah ya saka miki da alheri, ya ba gwiwoyin nan hutu, ya ba ki masu kula da ke yadda kika kula da iyayen wasu. Yanzu haka da nake rubuta wannan, ƙarar gudumar Baba nake ji ta katanga, yana kan dunduniyar takalminki tun bayan azahar. Ya hana ni barcin rana, kuma wallahi ba zan yi ƙorafi ba.